Ruwan ciyawar teku da ake fesa wa shuka: taki ne ko magani, kuma wace doka ce take kula da shi?

Mai Shagon Kayan Noma ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malaman gona da masana da ke wannan zaure game da wani kaya da ya fara yawa a hannunmu, mu masu sayar da iri da taki da maganin feshi. Kaya ne mai ruwa-ruwa, baƙi ko mai launin ƙasa-ƙasa, yana da ɗan ƙarni, yana zuwa a kwalba ko ƙaramar jarka, kuma a jikinsa ana rubuta cewa daga ciyawar teku aka tatso shi. Wani daga Sifen yake, wani daga Indiya, wani daga Sin, akwai kuma wanda ba a ma ambaci ƙasar da aka yi shi ba. Masu kawo mana shi suna cewa yana ƙara yawan saiwa bayan dashe, yana hana furen tumatir da attaruhu zubewa idan zafi ya tsananta, yana kuma sa shuka ta jure ƙarancin ruwa. Wasu daga cikinsu har sukan ce wanda ya fesa shi zai iya rage yuriya da rabi, kuma da yake taki ya yi tsada, wannan magana tana shiga kunnen manomi da sauri.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban san a layin da zan ajiye shi ba. Buhun taki yana ɗauke da lambobinsa, wanda ya ga 15-15-15 ko 46 ya san abin da ya saya, kuma idan aka yi masa algus akwai ma'aunin da za a kama mai laifi da shi. Maganin ƙwari ma yana da sunan sinadarin da ke cikinsa da lambar rajista. Wannan kuwa ba ya kashe ƙwaro, ba shi kuma da wani abincin shuka na a zo a gani, amma alkawuran da ke jikinsa sun fi na su biyun yawa. Shin a ƙasashen da ake yin sa, wace doka ce take kula da shi, kuma wa yake tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin kwalbar gaskiya ne? Ina tambaya ne domin manomi bai san kamfanin ba, ni ya sani, kuma idan ya fesa bai ga komai ba, shagona zai dawo da ƙorafinsa.

Mai Binciken Ƙasar Noma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ita ce wadda hukumomin ƙasashe da dama suka daɗe suna fama da ita, domin wannan kaya ya faɗa ne tsakanin dokoki biyu, ta taki da ta maganin ƙwari, kuma an ɗauki shekaru masu yawa babu wadda ta karɓe shi a matsayin nata.

Bari in fara da abin da ke cikin kwalbar. Yawancin irin wannan ruwa ana tatso shi ne daga ciyawa mai launin ƙasa-ƙasa da ke tsirowa a jikin duwatsun bakin teku mai sanyi. Wadda ta fi shahara ita ce Ascophyllum nodosum, ana yanko ta a gaɓar arewacin Tekun Atilantika, a Norwe da Ayalan da Sikotland da gabashin Kanada. A Afirka ta Kudu ana amfani da Ecklonia maxima, a Indiya kuma da wata ja mai suna Kappaphycus alvarezii, wadda nomanta ake yi a cikin ruwa a jikin igiyoyi. Manoman gaɓar Ayalan da Faransa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar ciyawar suna zubawa a gona a matsayin taki, amma tatsar ruwanta a sayar a kwalba wajen shekarar 1950 aka fara shi a Ingila. Abin da ake samu a ciki shi ne dangogin sukari irin su aljinet da laminarin da manitol, tare da wasu sinadarai da ke taimaka wa shuka ta riƙe ruwa a jikinta. Ba ciyar da shuka suke yi ba, zaburar da ita suke yi ta ci moriyar abin da ke cikin ƙasa, ta kuma daure wa wahala. Sannan hanyar tatsa tana canza kayan ƙwarai. Wani kamfani da ruwa zalla yake tatsa, wani matse ciyawar yake yi da sanyinta, wani kuma dafa ta yake yi da sinadarin fotash mai kaifi. Saboda haka kwalabe biyu za su iya ɗaukar sunan ciyawa ɗaya alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban, kuma sau da yawa fotashin da ka ga an rubuta a jikin kwalba daga sinadarin da aka yi dahuwar ya fito, ba daga teku ba.

Tarayyar Turai ce ta fi kowa tsara wannan al'amari dalla-dalla. A 2019 ta zartar da doka mai lamba 2019/1009 a kan kayan taki, wadda ta fara aiki ranar 16 ga Yulin 2022, kuma a cikinta aka ware wa masu zaburar da shuka rukuni na shida, aka raba shi gida biyu: masu ƙwayoyin halitta da marasa su. Ruwan ciyawar teku yana gida na biyu. Dokar ba ta bayyana kayan da abin da aka haɗa shi da shi ba, ta bayyana shi ne da aikin da yake yi, kuma ta taƙaita aikin ga abubuwa huɗu kacal: ya inganta yadda shuka ke amfani da abincinta, ko ya ƙara mata juriya ga wahalar da ba ta ƙwari ko cuta ba, wato fari da zafi da sanyi da gishirin ƙasa, ko ya kyautata ingancin amfanin gona, ko ya saki abincin da ya maƙale a ƙasa ko a kewayen saiwa. Sharaɗin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne wanda ya ce dole kayan ya yi aikin da aka rubuta a jikinsa, a kan irin shukar da aka ambata. Ke nan kamfanin da ya rubuta cewa kayansa yana sa tumatir ya jure zafi, sai ya kawo sakamakon gwaji da ke nuna haka, kuma wata cibiya mai zaman kanta da hukuma ta amince da ita ce take duba takardun kafin a ba shi izinin buga alamar CE, wato tambarin da ke nuna cewa kaya ya cika sharuɗɗan Tarayyar Turai.

Akwai kuma iyakar guba, wadda ta shafi ciyawar teku fiye da sauran kaya, domin ita tana zuƙar ƙarafa daga ruwan da ta tsiro a ciki tana tarawa. A kowane kilo na busasshen kaya, dokar ba ta yarda kadmiyom ya wuce miligiram 1.5 ba, zaiba miligiram 1, dalma miligiram 120, nikel miligiram 50, asenik mai guba kuma miligiram 40. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalilin sa irin wannan iyaka ga abin da za a fesa wa ganyen da mutane za su ci.

Wurin da nake so ka lura da shi sosai, Alhaji, shi ne cewa a wannan tsari alkawarin da aka rubuta shi yake zaɓar wa kaya dokarsa. Laminarin da na ambata ana ciro shi daga wata ciyawar teku mai suna Laminaria digitata, kuma da yake ana sayar da shi ne domin ya tayar da garkuwar shuka a kan cututtuka, a Turai an yi masa rajista a ƙarƙashin dokar magungunan kare shuka mai lamba 1107/2009, wadda ta fi tsauri da tsada nesa ba kusa ba. Tushen duk ciyawar teku ce, amma da zarar an ce kaya yana maganin cuta ko yana korar ƙwari, ya fita daga layin taki ya koma layin magani. Don haka idan ka ga kwalba ɗaya ta yi alkawarin ƙara saiwa, ta kuma yi alkawarin kashe tsutsa da maganin ruɓewar ganye, ka san cewa a ƙasar da ake bin doka ba za a bari ta fita da wannan rubutu a ƙarƙashin rajistar taki ba.

Sai dai kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga Turai ya bi ta wannan siraɗi. Dokar ba ta soke dokokin ƙasashe ba, kamfani yana da zaɓin ya yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙasarsa kawai ba tare da alamar CE ba. Rubuta sunan wata ƙasar Turai a jikin jarka ba shaida ba ce a kan komai.

Ɗaliba a Fannin Noma ta amsa:

Ina yi wa Alhaji da Malam sallama. Malam ya yi bayanin Turai, ni kuma ina ganin labarin Indiya ya fi kusa da halin da Alhaji yake ciki, domin ƙasa ce ta ƙananan manoma masu sayen kaya a shagon unguwa, waɗanda maganar mai shago ita ce hujjarsu.

Kafin 2021, irin waɗannan kaya a Indiya ba su ƙarƙashin dokar taki ta 1985, ba su kuma ƙarƙashin dokar maganin ƙwari ta 1968, duk wanda ya ga dama sai ya ɗura ruwa a kwalba ya raɗa masa suna ya kai kasuwa. A Fabrairun 2021 gwamnati ta yi wa dokar taki kwaskwarima ta shigar da su, ta kasa su rukuni-rukuni, kuma ruwan tsirrai, wanda ya haɗa da na ciyawar teku, shi ne rukunin farko a jerin. Mai neman rajista sai ya bayyana abin da ke cikin kayansa da inda ya samo shi, ya kai shi a gwada a gona a cibiyoyin binciken noma na gwamnati ko jami'o'in noma, a yankuna uku masu yanayi daban-daban, da ma'auni uku daban-daban, na tsawon kakar noma guda. Sai kuma gwajin guba, wanda bai tsaya kan ɗan Adam kawai ba, ya haɗa har da kifi da tsuntsaye da ƙudan zuma da tana. An kuma hana a sami maganin ƙwari a cikin kayan fiye da ɗan mizani ƙanƙani, kuma wannan sharaɗi yana da dalili mai ƙarfi, domin hanya mafi sauƙi ta yaudarar manomi ita ce a zuba ɗan maganin ƙwari ko ɗan yuriya a ɓoye, ya fesa ya ga ganye ya yi kore shar cikin 'yan kwanaki, ya yaba wa ciyawar teku a kan aikin da ba ita ta yi ba.

Matsalar da aka samu ita ce an bai wa kamfanonin da ke kasuwa rajistar wucin gadi ta shekara biyu domin su kammala gwaje-gwajensu, sai aka yi ta ƙara wa'adin, kayan da ba a gwada ba suka ci gaba da cin kasuwa da takardar gwamnati a hannunsu. Sai a Yunin 2025 aka rufe wannan ƙofa. A watan da ya biyo baya ministan noma na ƙasar, Shivraj Singh Chouhan, ya bayyana cewa a da kaya wajen 30,000 ne ake sayarwa ba tare da sa ido ba, cewa ko bayan dokar 2021 wajen 8,000 sun ci gaba da yawo, kuma da aka tsananta bincike adadin ya sauko zuwa kimanin 650. Ko da mutum bai ɗauka cewa duk waɗanda suka faɗi jabu ne ba, tazarar da ke tsakanin waɗannan alkaluma ta isa ta nuna yawan kayan da masu su ba su iya kare alkawarinsu da hujja ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafi masu shago kai tsaye. Manoman Indiya sun yi ta kukan cewa idan suka je sayen yuriya ko takin DAP mai rangwamen gwamnati, sai dillali ya ce ba zai ba su ba sai sun haɗa da kwalbar mai zaburar da shuka, har ministan ya rubuta wa shugabannin jihohi cewa a dakatar da wannan tilas. Ina ambaton wannan ne domin ribar da ke kan irin waɗannan kwalabe takan fi ta buhun taki, kuma duk inda riba ta yi yawa alhali hujja ta yi kaɗan, jarabawar tana kan mai sayarwa.

Ba ina nufin Indiya ta juya wa ciyawar teku baya ba ne. Cibiyar binciken gishiri da sinadaran teku ta gwamnati da ke Bhavnagar a jihar Gujarat ita ce ta ƙirƙiro hanyar matse ruwan Kappaphycus, ƙungiyar manoma ta IFFCO tana sayar da kaya mai suna Sagarika da aka yi da ciyawar teku, kuma iyalai masunta a gaɓar Tamil Nadu suna samun abin masarufi daga nomanta. Abin da hukuma ta nema shi ne a raba mai hujja da marar hujja.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Na karanta bayanin Malam da na 'yata ɗaliba, Allah Ya ƙara ilimi. Amma ina da ja a kan wani abu da nake jin ƙamshinsa a maganganun biyu, wato kamar idan aka tsaurara rajista an gama magance matsalar. Rajista tana tabbatar da samfurin da kamfani ya kai ofis ne, ba ta tabbatar da kwalbar da ta yi wata da watanni a kan kanta a ƙarƙashin rufin kwano a cikin zafin bazara ba.

Wannan ya fi fitowa fili a ɗaya ɓangaren kayan, wato masu rai. Ku ɗauki ƙwayoyin Rhizobium da ake shafa wa irin waken suya kafin shuka. Baƙin gari ne mai laushi a cikin 'yar leda, ana jiƙa iri da ruwan ƙaro domin garin ya manne, a cuɗa a inuwa, a shuka a ranar. Idan ƙwayoyin suna da rai, bayan 'yan makonni ka tumɓuke shuka ɗaya za ka ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, idan ka fasa ɗaya da farce ka ga cikinsa ja-ja, to yana zuƙo naitirojin daga iska yana ba shukar. Idan kuwa ledar ta sha rana a bayan mota ko ta wuce wa'adinta, garin yana nan yadda yake a ido, lambar rajista tana nan a jiki, amma abin da aka saya ya riga ya mutu. Babu takardar ofis da za ta kama wannan, sai jami'in da zai shiga kasuwa ya ɗauki samfuri ya kai ɗakin gwaji a ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta taɓa gudanar da wani shiri mai suna COMPRO, inda aka gwada kayan kasuwa sama da 100 irin waɗannan a Najeriya da Kenya da Habasha, kuma kaɗan ne daga ciki suka nuna amfanin da za a dogara da shi.

Ja na biyu shi ne tsauri ma yana da nasa lahani. Dokar Turai da Malam ya yaba, a ɓangaren masu rai dangi huɗu kawai ta lissafa: Azotobacter, Rhizobium, Azospirillum da naman gwarin da ke zama a jikin saiwa, wato maikoraiza. Duk wata ƙwaya mai amfani da ba ta cikin wannan jeri ba ta da hanyar samun alamar CE a wannan rukuni, kuma kamfanoni sun daɗe suna kuka da hakan. Gwaji a yankuna uku da gwajin guba irin na Indiya kuɗi ne masu yawa, babban kamfani zai biya, ƙaramin mai sana'a kuwa sai ya rufe ko ya koma sayarwa a ɓoye. Barazil ta bi wata hanya dabam. Ƙasa ce da ake shafa wa waken suya ƙwayoyin Bradyrhizobium a miliyoyin hekta maimakon zuba takin naitirojin, aikin da ya sa aka bai wa Mariangela Hungria ta cibiyar binciken noma ta Embrapa Kyautar Abinci ta Duniya a 2025. A Disamban 2024 ƙasar ta yi doka mai lamba 15.070 ta musamman domin kayan noma na halitta, ta raba su da dokar magunguna masu guba, ta kuma yarda manomi ya haɗa nasa a gonarsa domin amfanin kansa ba tare da rajista ba, da sharaɗin ba zai sayar ba. A ganina wannan rabo tsakanin mai yi wa kansa da mai sayar wa jama'a shi ne adalci.

Game da gida, Alhaji, ba za a ce babu doka ba. ECOWAS tana da ƙa'idar kula da ingancin taki tun Disamban 2012, Najeriya kuma ta yi Dokar Kula da Ingancin Taki a 2019, wadda sashen kayan noma na Ma'aikatar Noma ta Tarayya yake aiwatarwa, kuma ta wajabta wa masu haɗawa da masu shigowa da masu sayarwa neman izini. NAFDAC ce take yi wa magungunan ƙwari rajista, ita ce kuma ta yi wa Aflasafe, wannan dawa da aka rina shuɗi aka lulluɓe da naman gwari marar guba, wadda ake watsawa a gonar masara da gyaɗa makonni biyu zuwa uku kafin fure domin rage gubar aflatoksin. Amma ƙarfin dokar taki yana kan auna naitirojin da fosfaras da fotash ne. Kwalbar da darajarta ba ta cikin waɗannan ukun za ta iya cika ma'aunin da aka rubuta mata daidai, alhali babu wanda ya taɓa gwada maganar furen tumatir a ƙasa irin ta Kadawa a jihar Kano.

Mai Shagon Kayan Noma ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka ta zafin shago ta shige ni, domin kayan da suka fi daɗewa a kanta su ne irin waɗannan. Saura abu biyu. Na farko, babu wanda ya taɓo maganar rage yuriya da rabi, ita ce kuwa manoma suka fi tambaya. Na biyu, na ji cewa ciyawar teku tana taruwa tuli-tuli a gaɓar Legas da Gana har tana hana masunta aiki. Me zai hana a kwashe ta a yi wannan ruwa a gida maimakon a sayo daga waje?

Mai Binciken Ƙasar Noma ya amsa:

Alhaji, maganar yuriya lissafi ne zai raba gardama. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Ruwan ciyawar teku kuwa lita ɗaya ko biyu ake fesa wa hekta guda, kuma ko da mun ƙaddara cewa kashi 5 cikin 100 nasa naitirojin ne, wanda ya fi abin da ciyawar kanta take bayarwa, lita ɗaya ba za ta wuce giram 50 da ɗoriya ba. Babu yadda giram 50 zai cike gurbin buhun da aka cire. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne kaya mai kyau yana iya sa shuka ta fi cin moriyar takin da aka ba ta, musamman idan tana cikin wahalar zafi ko ƙarancin ruwa ko girgizar dashe, kuma sakamakon gwaje-gwaje yakan bambanta daga shuka zuwa shuka, daga ƙasa zuwa ƙasa, daga shekara zuwa shekara. Yaji yana buɗe baki, amma ba ya zama tuwo. A ƙasarmu da yawancinta take da ƙarancin naitirojin da fosfaras, wanda ya rage taki da rabi bisa maganar ɗan talla shi zai ɗauki asarar a lokacin girbi. Wanda ya zo maka da wannan alkawari, ka nemi ya nuna maka shi a rubuce a jikin kwalbar, tare da sunan cibiyar da ta yi gwajin da irin shukar da aka gwada.

Ciyawar da ka ji labari ita ce Sargassum, wadda tun 2011 take taruwa a faɗin Atilantika daga Afirka ta Yamma har zuwa tsibiran Karibiyan. Tunanin naka masana da yawa sun yi shi, kuma ana bincike a kai, amma tana da aibi babba: tana tara asenik mai guba da yawa, har takan zarce iyakar da na ambata a sama, ga gishiri, ga shara da yashi da take kwasowa a hanya, ga shi kuma ba a san ranar zuwanta ko yawanta ba, balle masana'anta ta dogara da ita. Wadda aka noma da gangan a ruwa mai tsabta, kamar yadda matan Zanzibar suke yi tun 1989, ta fi sauƙin sanin abin da ke cikinta. Duk wanda zai yi wannan sana'a da Sargassum, gwajin asenik na kowane rukunin da ya haɗa shi ne abu na farko da ya kamata hukuma ta tambaye shi.

Na yarda da Baba cewa rajista ba ta wadatar ba, ko da yake ina ganin ita ce matakin da idan babu shi jami'in kasuwa ma ba shi da abin da zai auna kaya da shi. Kafin ka karɓi kaya, ka duba ko an rubuta sunan ciyawar na kimiyya da kashinta a cikin ruwan, da sunan kamfani da adireshinsa da na wanda ya shigo da shi, da lambar rukunin haɗi, da ranar yi da ranar ƙarewa, da ma'aunin feshi ga kowace shuka, sannan ka bincika lambar rajistar a wurin hukumar da aka ce ta bayar, domin buga lamba a takarda ba shi da wuya. Bayan haka ka sami manomi biyu ko uku masu kula daga cikin abokan cinikinka, kowa ya ware fangali shida a jere, iri ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, ya fesa wa uku ya bar uku a tsakankaninsu, kuma waɗanda aka bari ma a fesa musu ruwa zalla a rana ɗaya. Kada a yanke hukunci da korewar ganye, a jira tsinka a ƙirga kwanduna ko a ɗora a sikeli, a cire kuɗin kwalbar da ladan mai feshi daga abin da ya ƙaru. Idan dillalin ya yarda da kayansa, ka ce ya ba da kwalaben gwajin kyauta.